"Da kamfani kika yi ciniki, ba da ni ba": muhawara a zauren 'yan kasuwa

Hajiya Mairo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman masu sani su haska min wani abu. Ina da 'yar sana'ar ƙanƙara da ruwan sanyi a Hotoro, kuɗin dizal ya ishe ni, na ce bari in haɗa sola. Muka yi ciniki da wani kamfani a nan cikin gari, ba zan kama suna ba, a kan naira miliyan 14: fanel, inbata da batiran litiyom. Mai kamfanin da bakinsa ya ce min kaya suna sito a Sharada, har bidiyon kwalaye jibge ya turo min. Ya ce in ba da miliyan 9 kafin alƙalami, cikin sati biyu a haɗa. Na tura. Tun kafin azumi ake abu ɗaya, yau kwastam, gobe dala ta tashi. To kayan da suke sito me ya haɗa su da kwastam? Jiya na ritsa shi, sai ya ce wai kamfanin ya durƙushe, kuma "Hajiya duba rasit ɗinki, da kamfani kika yi ciniki ba da ni ba, Limited ne." Ofis a garƙame, shi kuma ga shi cikin sabuwar mota. Da gaske haka doka ta ce?

Ɗan Baba: Innalillahi. Hajiya ki ba ni adireshinsa kawai. Kwana biyu a bayan kanta zai tuna cewa shi da kamfanin uwa ɗaya ta haife su.

Alhaji Sani Kwari: Allah ya mayar da alheri Hajiya. Amma gaskiya ɗaya ce, abin da ya faɗa yana da tushe. Ni ma kamfanina Limited ne, kuma dalilin da lauyana ya sa na yi rajistar ke nan, don in kasuwa ta juya baya kada a zo a sayar min da gidan da iyalina suke ciki. Wanda bai taɓa ganin kwantena ta maƙale a tashar ruwa wata da watanni kuɗin ajiya yana hawa ba, ba zai gane ba.

Ɗan Baba: Wato Alhaji in na je CAC, hukumar rajistar kamfanoni, na biya kuɗi, na samu lasisin cin kuɗin mutane ke nan?

Alhaji Sani Kwari: Ban ce haka ba yaro. Karanta da kyau.

Barista Aminu: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin in ce komai, amsa min waɗannan. Lambar da ke kan rasit ɗin, RC ce ko BN? Kuɗin asusun wa kika tura? Maganar cewa kaya suna sito, a rubuce take ko da baki? Kuma shi wannan mutumin ne ya faɗa, ko yaransa?

Hajiya Mairo: RC ce Barista. Miliyan 6 na tura asusun kamfani, miliyan 3 kuma ya ce asusun kamfanin yana da matsala a ranar, in tura nasa. Maganar sito kuwa saƙon murya ne a WhatsApp, muryarsa ce, ga bidiyon ma yana nan ban goge ba.

Barista Aminu: Madalla. Kada ki goge komai, kada ki canza wayar, kuma ki adana kwafi a wani wuri.

Na tambayi RC ko BN ne saboda mutane da yawa suna ruɗa su. Mai rajistar sunan kasuwanci, wato BN, shi da kasuwancin abu ɗaya ne, duk bashin da shagon ya ci wuyansa yake. RC kuwa kamfani ne, kuma a ido na doka kamfani mutum ne mai zaman kansa: yana mallakar dukiya, yana cin bashi, yana kai ƙara, ana kai shi. A nan Alhaji Sani ya yi gaskiya. Wannan ƙa'ida ta kafu ne a Ingila a 1897, a shari'ar wani mai ɗinka takalma a Landan, Aron Salomon. Ya mayar da sana'arsa kamfani, shi da matarsa da 'ya'yansa biyar, hannun jari 20,007 shi ke da 20,001. Kamfanin ya karye, masu bin bashi suka ce ai shi ne kamfanin, ya biya. Kotun ƙolin ƙasar ta ce a'a. Dokar kamfanoni tamu ta CAMA, ta 1990 da sabuwar da aka sa wa hannu a watan Agustan 2020, a kan wannan tubalin take.

Amma ga inda mutumin naki yake so ya yi miki wayo. Salomon bai yi wa kowa ƙarya ba, kasuwa ce ta karye masa. Abin da Limited ke karewa shi ne bashin kamfani kada ya hau kan mai hannun jari. Ba ta kare mutum daga ƙaryar da ya yi da bakinsa. Idan ka faɗi abin da ka san ba haka yake ba don a ba da kuɗi, aka gaskata ka, aka ba da, aka yi asara, kai ka yi yaudarar, ko da hular manajan darakta ce a kanka lokacin da kake faɗa. A 2002 wannan kotun ta Ingila ta yanke haka a ƙarar da bankin Standard Chartered ya shigar. Wani manajan darakta ya sa an mayar da kwanan watan takardar lodin jirgi baya don banki ya biya kamfaninsa, da asiri ya tonu ya ce ai da sunan kamfani ya yi. Kotu ta ce ya biya daga aljihunsa. Hukuncin Ingila na yanzu ba dole ba ne a kan alƙalanmu, amma suna dubawa, kuma kotunanmu sun sha ɗaga labulen kamfani, wato su kama mutumin da ke bayansa, idan aka yi amfani da shi wajen zamba.

Sannan mu muna da namu sashen ƙarara. Sashe na 316 na CAMA 2020, wanda shi ne 290 a tsohuwar: idan kamfani ya karɓi kuɗi a matsayin kafin alƙalami don yin wani aiki, ko rance don wata manufa takamaimai, sai da niyyar zamba aka ƙi sa kuɗin inda aka karɓe su dominsa, to duk darakta ko jami'in da ke da hannu shi da kansa zai mayar wa mai kuɗi kuɗinsa. Kamar don ke aka rubuta shi.

Hajiya Mairo: Alhamdulillah. Wallahi jiya ban runtsa ba.

Barista Hauwa: Hajiya ki yi hamdala amma kada ki saki jiki tukuna. Abokin aikina ya faɗi doka daidai, ni zan faɗi abin da ke faruwa a gaban alƙali. Kalmomin nan guda uku, "da niyyar zamba", su ne suke cinye shari'a. Ba wanda zai tsaya a akwatin shaida ya ce na yi niyya. Lauyansa zai kawo takardar odar kaya daga Guangzhou, ya kawo shaidar canjin dala, ya ce mun yi ƙoƙari Allah bai nufa ba. In alƙali ya karkata can, magana ta koma saɓa alkawari kawai, kuma saɓa alkawari na kamfani ne. Sai ki ci shari'a a kan kamfanin da ba shi da ko kujera. Ƙari a kan haka, duk wanda ya zargi wani da zamba a shari'ar da ba ta laifi ba, dokar shaida ta ce sai ya tabbatar da ita kamar yadda ake tabbatar da laifi, ba tare da kokwanto ba. Nauyi ne babba.

Kuma a bambance abu biyu. "Zan kawo miki cikin sati biyu" alkawari ne, yana iya tashi ba da gangan ba. "Kayan suna sito yanzu haka" labari ne na abin da ke akwai, ko gaskiya ne ko ƙarya. Ƙarfin Hajiya yana kan na biyun. Sai an nuna cewa ranar da ya yi wannan saƙon babu kayan, ko ba nasa ba ne, kuma ya sani.

Musa China: Hajiya in ba damuwa turo min bidiyon ta bayan fage. Ina harkar kago shekara da shekaru.

Hajiya Mairo: Na tura.

Musa China: To. Tsayar da shi a daidai inda kyamara ta zo kusa da kwalayen hagu. Duk kayan da ke zuwa ta kago ana rubuta alamar mai su da alƙalamin maka a jikin kowane kwali, suna ko laƙabi da lambar waya da adadin kwalaye, misali 12/40. Waɗannan kwalayen alamar da ke jikinsu ba sunan kamfanin da ke kan rasit ɗinki ba ce, ba kuma sunan mutumin ba. Sannan tef ɗin da aka naɗe su da shi na kamfanin kago ne. Wannan wurin sito ne na masu sauke kaya, inda kowa ke zuwa ɗaukar nasa. Ko ni zan iya shiga in ɗauki bidiyo in ce nawa ne.

Ɗan Baba: Allahu akbar! An kama ɓarawo da akuya a hannu.

Barista Hauwa: Wannan ya fi min duk abin da aka faɗa yau. Amma a yi hankali, yana iya cewa da sunan wakilinsa aka yi lodin. Abin yi shi ne lauyan Hajiya ya je siton, a duba littafinsu na wannan watan, a ga kayan wa ne kuma wa ya kwashe. In mai siton ya yarda ya ba da shaida, to an wuce wurin. Sai miliyan ukun da suka shiga asusunsa na kansa. Wannan ya yi wa kansa illa, domin mutumin da yake cewa shi daban kamfani daban shi ne ya fara cakuɗa aljihun biyu.

Alhaji Sani Kwari: Barista a nan zan ɗan ja. Ku zo Kwari ko Singa ku gani, wa ke bambance asusun kamfani da nasa? Banki ya riƙe maka taransifa, abokin ciniki yana tsaye, sai ka ce tura ta nan. Ba zamba ba ce, saurin kasuwa ne. In da wannan za a kama mutane, rabin kasuwa za a kwashe.

Barista Hauwa: Ranka ya daɗe ban ce laifi ne shi kaɗai ba. Muddin kaya sun isa hannun mai su, ba wanda zai tambaya. Ranar da ba su isa ba ne tambayar ke tashi: kuɗin nan da suka shiga asusunka, ina suka tafi? In an ga sun wuce zuwa ga mai canji ko mai kaya a China, ka fita. In an ga sun tafi wurin dillalin mota, sai ka yi bayani. Ni dai shawarata ga duk mai Limited, in dole ta sa ka karɓa ta asusunka, ka mayar da su asusun kamfani a ranar, ka rubuta dalili.

Alhaji Sani Kwari: Wannan kam na ɗauka.

Malam Nasiru: Bismillah. Na ga lauyoyi sun yi nasu, bari in ƙara ta ɓangaren addini, don Alhaji Sani da ire-irensa kada su ɗauka ana cewa rajistar kamfani haramun ce. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta duba wannan a 1992, ta ce babu laifi a kafa kamfanin da alhakinsa bai wuce jarinsa ba. Amma ku lura da dalilin da suka bayar: saboda masu hulɗa da kamfanin sun san haka yake, saninsu ya kore ruɗi. Ashe izinin a kan bayyana gaskiya aka gina shi. Wanda ya ɓoye gaskiya ya rushe abin da yake fakewa da shi.

A fiƙihunmu na Malikiyya ma, mai juya dukiyar wani a ƙiradi, wato wanda aka ba jari ya yi kasuwanci a raba riba, amintacce ne. In asara ta zo ba da sakacinsa ba, ba ya ramuwa. In ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci, ramuwa ta hau kansa. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Muslim kowa ya san shi: Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya wuce tsibin abinci a kasuwa, ya cusa hannu ya ji danshi a ciki, mai shi ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, ya ce me ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Ga kuma hanin da ya yi wa Hakimu ɗan Hizam, kada ka sayar da abin da ba ya wurinka. Da mutumin nan ya ce wa Hajiya kayan babu, zan yi oda, ga siffarsu ga lokacin zuwansu, da akwai babin da za a duba cinikin a ciki. Shi kuwa cewa ya yi suna nan.

Hajiya Mairo: Allah ya gafarta Malam, wallahi da ya ce min oda zai yi da ban ba da fiye da rabin wannan ba. Don ya ce suna ƙasa ne na saki kuɗin.

Barista Aminu: Wannan jimlar da kika rubuta yanzu, ita za ki faɗa wa alƙali. Ita ce ke nuna cewa maganarsa ce ta fitar da kuɗin daga hannunki.

Injiniya Bashir: Gaisuwa daga Ostareliya, nan dare ya yi amma na kasa wucewa. Abin da Barista Hauwa ta ce game da niyya shi ne bambancinmu da nan. Dokar kare masu saye ta ƙasar nan, sashe na 18, cewa ta yi kada mutum ya yi abin da ke ɓatar da mutane ko yaudararsu a harkar kasuwanci, ko abin da zai iya yin hakan. Ba ruwanta da abin da ke zuciyarka. Ko da kyakkyawar niyya ka faɗa, in maganar ta ɓatar da mai saye ya yi asara, za a iya bin ka. Tun dokar 1974 suke da irin wannan sashen. A 2006 babbar kotunsu ta ɗora wa wasu ma'aikata biyu na wani kamfanin haɗa shafukan intanet alhaki su da kansu, saboda bayanin da suka ba abokin ciniki wanda ba daidai ba. Ma'aikata fa, ba masu kamfanin ba.

Wanda ya fi girgiza su shi ne na James Hardie, kamfanin da ya daɗe yana yin kayan gini da asbestos, abin da ke jawo cutar huhu da daji. A 2001 suka ware asusu don biyan diyyar waɗanda suka kamu, suka sanar da kasuwar hannun jari cewa kuɗin sun isa. Daga baya aka gano giɓin ya haura dalar Ostareliya biliyan 1. A 2012 babbar kotu ta tabbatar da cewa daraktoci bakwai, waɗanda ba su ne ke tafiyar da kamfanin kullum ba, sun gaza a aikinsu da suka amince da sanarwar. Biyu daga cikinsu ta waya suka halarci taron daga Amurka, ba su ma nemi a turo musu takardar su karanta ba. Hakan bai fisshe su ba, an hana su riƙe muƙamin darakta na wani lokaci.

Ɗan Baba: Can ƙasa ce. Mu nan sai dai a ce ka bar wa Allah.

Barista Aminu: Ba haka ba ne gaba ɗaya. Muna da dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Ta hana yi wa mai saye bayanin ƙarya ko mai ɓatarwa game da kaya. Sashe na 155 ya ce mutum ɗaiɗai zai iya shan ɗaurin da bai wuce shekara 5 ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 10 ba, ko duka biyun. Kamfani kuma tarar da ba ta gaza miliyan 100 ba ko kashi 10 cikin ɗari na cinikinsa na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Sannan ya ƙara da cewa kowane darakta ana iya gurfanar da shi shi ma. A takarda ba mu da talauci. Aiwatarwa ce matsalarmu, da kuma mu kanmu da ba ma kai ƙorafi sai dai mu yi ta Allah ya isa a zaure.

Kuma an taɓa manya a ƙasar nan. A watan Agustan 2009 Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan babban banki, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya. A Oktoban 2010 Cecilia Ibru ta bankin Oceanic ta amsa laifi a kotun tarayya a Legas, aka ɗaure ta wata shida, ta sallama kadarorin da aka ƙiyasta sun haura naira biliyan 190. Ba wanda ya saurari cewa banki ne ya yi ba ita ba.

Ɗan Baba: Wata shida! Wanda ya saci waya a Farm Centre ya fi haka daɗewa yana jiran shari'a kawai.

Barista Aminu: Wannan kuma muhawarar wata rana ce, kuma ba zan musa maka ba.

Admin: Jama'a a tsaya kan maganar Hajiya don Allah. Wanda ya turo tallan atamfa na goge, ranar Asabar ake talla.

Hajiya Mairo: To yanzu ina zan fara? Ƙanena ya ce yana da wani a wurin 'yan sanda.

Barista Hauwa: Kada ki bi ta hanyar "ina da wani". Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum don bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Na ga masu gaskiya da suka sa aka tsare wanda suke bi, ya fito ya maka su a kotu kan tauye haƙƙi, suka koma su ake bi. In za a je wurin hukuma, a je da takardar ƙorafi da lauya ya rubuta, wadda ta nuna laifi: ga abin da ya faɗa, ga shaidar cewa ƙarya ne, ga kuɗin da aka tura saboda shi. A dokar Penal Code da muke bi a Arewa wannan cuta ce, sashe na 320 zuwa sama. Lambar 419 da kowa ya haddace ta dokar Kudu ce. Akwai kuma dokar tarayya ta 2006 kan karɓar dukiya ta hanyar ƙarya, wadda EFCC ta fi aiki da ita, ɗaurinta daga shekara 7 zuwa 20 ne babu zaɓin tara, kuma kotu tana umartar a mayar wa mai dukiya dukiyarsa.

Sai dai ki tambayi kanki me kike so, ɗaurinsa ko kuɗinki. In kuɗi ne, ga yadda zan yi. A bincika kamfanin a CAC, a ga su wane ne daraktoci da masu hannun jari, a ga ko da gaske an fara rushe shi ko kwaɗo kawai aka sa wa ƙofa, don rufe ofis ba ya kashe kamfani. A rubuta wasiƙar neman biya da sunan kamfanin da sunansa shi kansa. In za a shigar da ƙara a babbar kotun jiha, su biyun za a haɗa. Mafi yawansu da sun ga sunansu a sammaci, ba na kamfani kaɗai ba, sai su nemi sulhu.

Alhaji Sani Kwari: Ni ma sulhun nake gani. A samu dattawan unguwarsu ko shugabannin kasuwa a zauna. Kotu sai ta ci miki shekaru.

Barista Hauwa: Ban ƙi ba Alhaji, sulhu alheri ne, a babbar kotun ma akwai sashen sasanci. Amma sharaɗi ɗaya: duk abin da aka cimma a rubuta, kuma ya sa hannu da sunansa cewa shi ya ɗauki nauyin biya, ba a madadin kamfani ba. Ya kawo mai tsaya masa, ko ya ajiye takardar fili ko ta motar nan. Bankuna ba su fi mu wayo ba, wannan kawai suke yi, ba sa ba ƙaramin kamfani rance sai darakta ya tsaya da kansa. In ya ba da cek, ya zama nasa, kuma a kai banki cikin wata uku, domin dokar 1977 ta tanadi ɗaurin shekara 2 ga wanda ya ba da cek ya dawo babu kuɗi. In ya ce zai rubuta a kan takardar kamfani da hatimi, ki tashi ki bar wurin.

Auwalu: Don Allah Barista ina da tambaya, ba ta Hajiya ba ce amma jikina ya yi sanyi da na karanta maganar Injiniya. Yayana ya buɗe kamfani shekarun baya, ya karɓi hotona da katin shaidata ya ce sai mutum biyu ake rajista. Ni malamin makaranta ne, ban taɓa shiga ofishin ba, ko sisi ban taɓa karɓa ba. Wani lokaci yakan aiko da takarda in sa hannu. Yanzu ina jin ana ta zuwa nemansa kan kuɗin filaye. Ni ina matsayina?

Barista Aminu: Malam Auwalu irinku suna da yawa a garin nan, mata da ƙanne da 'ya'ya. Tsohuwar doka ce ta wajabta mutum biyu, ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai, don haka wannan uzurin ya ƙare. Matsayinka kuwa darakta ne cikakke. Doka ba ta san daraktan suna ba. Sashe na 308 ya ɗora wa mai zuwa ofis kullum da wanda ba ya zuwa ma'aunin kulawa iri ɗaya, kuma rashin halartar zama ba ya wanke mutum sai da dalili karɓaɓɓe.

Ba ina cewa ƙaryar yayanka, in ya yi, ta zama taka ba. Yaudara tana bin wanda ya yi ta da wanda ya sani ya taimaka. Abin da ke tsorata ni shi ne takardun nan da kake sa wa hannu. Me ke cikinsu?

Auwalu: Wallahi ban cika karantawa ba. Yaya ne, ba na iya tsayawa ina masa tambayoyi. Na dai tuna akwai na banki.

Barista Aminu: To ka fara da na bankin. Ka je ka tambaya ko kana cikin masu sa hannu a asusun, kuma ko ka tsaya wa wani rance. In ka tsaya, wannan bashi ne a wuyanka ko ka ci ko ba ka ci ba, kuma murabus ba ya sauke shi. Akwai kuma sassa na 672 da 673: in aka zo rushe kamfani aka ga an gudanar da shi da nufin cutar masu bin bashi, ko daraktoci sun ci gaba da karɓar kuɗin mutane alhali sun sani, ko ya kamata su sani, cewa ba zai tashi ba, kotu na iya sa su zuba daga aljihunsu. Wannan "ya kamata su sani" ɗin da irinka yake magana.

Malam Nasiru: Auwalu, girmama na gaba wajibi ne, amma sa hannu shaida ce, kuma ba a shaida a kan abin da ba a gani ba. Ka same shi cikin ladabi, in da mahaifi ko kawu a raye ka tafi da shi.

Auwalu: Kawunmu yana nan a Gwammaja, yana jin maganarsa. Barista in na yanke shawarar fita, ya ake yi?

Barista Aminu: Ka rubuta takardar murabus mai kwanan wata, ka kai adireshin kamfanin da ke rajista, a sa maka hannu a kwafinka cewa an karɓa. Kamfanin ne ya kamata ya sanar da CAC cikin kwana 14, amma kada ka dogara da hakan, ka sa lauya ya bi har sai an ga sunanka ya fita daga rajistar. Ka rubuta wa bankin daban a cire ka daga masu sa hannu. Murabus yana tsayar da abin da zai zo ne, abin da aka riga aka yi kana ciki yana nan, shi ya sa nake so ka tattaro kwafin duk takardar da ka taɓa sa wa hannu kafin ka yi maganar fita, don bayan ka yi ba lallai a ba ka su cikin daɗin rai ba. Ka kawo su ofis ranar Litinin bayan an tashi daga makaranta mu duba tare.